San da Ke Ɗingishi a Wayar Sarkin Fawa

A gidanmu na haya da ke unguwar Mile 2, Diobu, can a kudu, babu wanda bai san Kallamu injiniya ne ba, domin shi da kansa ya bi ɗaki-ɗaki ya sanar da mu. Ni tela ne, sunana Awwalu, ƙofata na kallon tasa. Kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, wanda ba a yi a gabana ba kuwa Kallamu ya maimaita min shi har na haddace.

Ubansa, marigayi Malam Indabawa, mahauci ne. Kakansa ma haka, kuma tun Kallamu bai kai tsayin tebur ba aka danƙa masa wuƙa. Da uban ya rasu sai ya naɗe wuƙar a tsumma ya cusa ƙarƙashin katifa, ya sayi tabarau wanda ba na magani ba, ya kama gindin wani bene yana liƙa gilashi a fuskar waya, yana tura wa mutane wa'azi da waƙa. In hanya ta biyo da shi ta rumfar mahauta sai ya toshe hanci, wai ƙarnin nama na sa masa ciwon kai. Ciwon bai taɓa kama shi a gaban mai tsire ba.

Da haka zai ci gaba da zamansa lafiya, ba don Haulatu ba, 'yar Alhaji Hammadu Sarkin Fawa. Ta gama karatun kwamfuta a jami'a, tana kuma son Kallamu saboda wani dalili da har yau ban gano ba. Shi kuwa son da yake mata ya kai in ta kira shi a waya sai ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka. Aka sa ranar zuwa neman izini. Ƙanen ubansa, Bappa Maikuɗi, wanda shi ma mahauci ne, ya yi jagora, ni kuma na bi su don a ga muna da yawa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da ruwan sama, aka sake gaisawa. Sannan Alhaji ya yi tambayar da kowane uba ke yi.

"Mece ce sana'ar yaron?"

Bappa Maikuɗi ya yi tari, ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki.

"Fasahar zamani, ranka ya daɗe," in ji Kallamu. "Dijital."

"Ana ɗora ta a sikeli?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ana ɗaura ta a bayan okada?"

"Ai ba a ganinta, Baba Alhaji. A cikin iska take."

"To ni 'yata tuwo take ci." Alhaji ya gyara zama. "Ubanka na san sana'arsa, na gan ta da idona shekara da shekaru. Kai ma duk ranar da na ga taka da idona, ka dawo mu yi magana."

Muka fito. A hanya Kallamu ya ce mana zaman ya yi kyau ƙwarai.

A daidai wannan lokacin Haulatu ta haɗa wa ƙungiyar mahauta wata manhaja ta waya, don masu otal da gidajen abinci su riƙa odar nama daga inda suke. Ta zana wani farin sa mai dogon ƙaho a ciki. In ka ɗora yatsa ka ja shi, sai ya tako daga wannan gefen fuskar wayar zuwa wancan ya shiga kwando. Shi ke nan an yi oda, wayar mahaucin da za a saya a wurinsa ta yi ƙara. Ta zuba wa mahaifinta manhajar a wayarsa, shi kuma ya fito da ita ƙofar gida, inda dattawan mahauta ke zama da yamma.

Mahauci dai ba ya sayen sa yana tsaye. Sai an kora shi ya yi tafiya a gabansa, ya ga yadda yake ɗaga ƙafa da yadda yake saukewa. Saboda haka ba wanda ya kalli kwandon, ba wanda ya kalli rubutun. Kowa ƙafafun san ya zuba wa ido. Alhaji ya ja, san ya taho, ya ɗan cije a tsakiya kamar ya tuna wani abu, ya yi tsalle ya ƙarasa.

"Sake koro shi," in ji wani dattijo.

Aka sake. Ya sake cijewa.

"Ɗingishi yake," in ji Alhaji.

"Ƙafar baya ce, ta hagu."

"Ta dama dai."

"Ciwon kofato ne," in ji Bappa Maikuɗi. "Na damina. Na sha ganin irinsa."

Haulatu ta leƙo daga bakin ƙofa. "Baba, zane ne fa. Wayarka ce ta tsufa, hoton ya yi mata nauyi. A tawa lafiya lau yake tafiya."

"Sa ɗaya ba zai yi ɗingishi a hannuna ya warke a hannunki ba. Ba za mu sa gurgun sa a gaban kwastoma ba, a ce irin naman da muke sayarwa ke nan."

Kallamu na gefe, domin tun ranar neman izini kullum yamma sai ya zo gaida Baba. Ya miƙe, ya tura tabarau sama.

"Ranka ya daɗe, wannan san da kuke gani ba tafiya yake ba. Hotuna ne a jere, guda sittin cikin daƙiƙa ɗaya, suna wucewa a guje har ido ya ɗauka tafiya ce. In waya ta gaji sai ta zubar da wasu a hanya, shi ne ɗingishin. Idon ɗan adam ba ya iya yanke hukunci a kan wannan. Manyan kamfanoni kyamara suke kafawa a kan fuskar waya, kwamfuta ta kalla da idonta, ta bi abin hoto bayan hoto tana jan layi. In layin ya miƙe, lafiya. In ya yi gargada, akwai ciwo. Wannan shi ne ainihin fannina."

Fannin bai wuce sati da samuwa ba. A wani bidiyo ya tsince shi, kuma a wayata ya kalla.

"Ita kwamfutar ta taɓa kiwo?" in ji dattijon nan.

"Ba ta buƙata, Baba."

Alhaji ya dube shi. "Ranar Lahadi bayan la'asar ƙungiya na taro a rumfa. Ka kawo ta. In ta faɗa mana ɗingishi yake ko ba ya yi, kowa ya gani, to na yarda sana'a ce."

Haulatu ta ara masa kwamfutarta. Akwai wani shiri a ciki da ke zana koren akwati a kan duk abin da ke motsi, ya bi shi yana jan layi. Ta ce masa kada kyamarar ta motsa ko kaɗan, yatsan da zai ja san kada ya yi sauri ko jinkiri, kuma kada wani abu ya gifta a gaban kyamarar in ba san ba. Ta ce kuma ya riƙa kashe data kafin a ja san, kada oda ta tafi. Kallamu ya ce ta kwantar da hankalinta, ta bar wa masu abin abinsu.

Ya karɓo wayar Bappa Maikuɗi, wadda sa'ar ta Alhaji ce, don yin gwaji. Ya jingina tebur da bango, ya kwantar da wayar a kai, ya ɗaure tasa a wuyan kujera da robar taya tana leƙen ta Bappa, ita ce kyamarar. Layin farko ya fito kamar haƙoran zarto. Na biyu ya fi shi muni. Washegari ya kira ni, fuskarsa cike da damuwa irin ta likita.

"Awwalu, ciwon nan yana da lokaci. Da safe yana tashi, da rana ya lafa, dab da girkin yamma ya dawo."

Na dubi teburin. Kofin shayinsa na tafiya shi kaɗai, ya kusa kai baki.

"Kofinka ma ya kamu," na ce.

A bayan wannan bangon Mama Boma ke da injin markaɗe. Shekarunta a unguwar sun fi na Kallamu a duniya, Hausa kuwa ta iya har da ta zagi. Kallamu ya zagaya, na bi shi don kada a yi ban gani ba. Mata sun yi layi da bokitan tattasai da wake.

"Mama Boma, good morning. Abeg ki kashe injin nan, ina bincike."

"Wetin you dey find?"

"Sa nake aunawa."

"Cow dey inside your room?" Ta saki ludayin da ke hannunta. "Landlord don hear?"

"Ba irin wannan san ba, Mama. Na waya ne."

"Kallamu, dubi matan nan. In na kashe inji, kai za ka tauna musu waken?"

Ba ta kashe ba. Abin da ya samu kawai shi ne matan suka bar bokitansu a layi suka taho leƙen tagarsa. Kafin la'asar labari ya kai Mile 3 cewa wani Bahaushe na kiwon sa a ɗakin haya. Mai kula da gidan ya zo da kansa, ya duba bayan ƙofa, ya duba ƙarƙashin gado, ya tafi bai gamsu ba.

Kallamu ya kwaso kayan ya dawo ɗakina. Nan kuma keken ɗinkina ya hana. Ya ce in dakata da aiki saboda ci gaban al'umma, na dakata, sai janaretan maƙwabci ya tashi. Ya rataye kyamarar da igiya daga katakon rufi don kada ta taɓa komai, iskar fanka ta riƙa lilo da ita, layin ya fito kamar tafiyar maciji. A ƙarshe ya aro turmin Sadiya, matar mai shayin gidanmu, ya cika shi da yashi, ya kafa sanda a tsakiya, ya ɗaure kyamarar a jiki. Wannan ya tsaya cak. Sadiya ta zo karɓar turminta za ta yi daka, ya ce mata yanzu ya zama kayan gwamnati.

Saura yatsa. Ya ce tunda in yatsa ya yi gargada san ma zai yi, dole a nemo yatsa mai natsuwa. Ya tara mazan gidan a ƙofata, kowa ya miƙo hannu. Nawa ya ce ya saba da keke, gaggawa gare shi. Na mai shayi ya ce zafin tukunya ya kashe shi. Na ladan rawa yake. Bappa Maikuɗi ya miƙo nasa, wanda wuƙa ta cinye kansa tun yana saurayi, Kallamu ya mayar masa da abinsa. Na tambaye shi nasa fa. Ya ce injiniya ba ya zama kayan aiki.

Yana cikin wannan sai idonsa ya faɗa kan fankata mai tsayuwa, tana juya kai hagu da dama, ba sauri ba jinkiri. Ya daɗe yana kallonta kamar wanda ya haɗu da ɗan uwansa a tasha. Daga ranar ban sake shan iska ba.

Ya ɗaura tsinken tsire a goshin fankar, tsinken ya bi ta kan gilashin, san bai motsa ba. Ya sa biro, bai motsa ba. Ya sa cokali, cokalin ya yi wa wayar Bappa tsage irin na gado. Ya miƙe tsaye ya kira Haulatu, ya ce yana so ne ya gwada ko ta san amsar. Ta ce gilashin ba ya jin itace, sai abu mai danshi kamar jikin mutum.

"Tsoka ke nan," in ji Bappa Maikuɗi, wanda ya zo duba lafiyar wayarsa. "Ai ka zo gida."

Ya tafi ya dawo da cinyar sa a leda. Ya yanko guntu, aka ɗaure shi da zare a jikin fankar. Fanka ta juyo, naman ya kwaɗa wa wayar mari ta faɗo ƙasa. Ya yanko wani, kansa kauri gindinsa siriri, san ya fara da gudu ya ƙare da rarrafe.

"Bappa, wannan yanka ne ko sara?"

"Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake yanka nama."

"Shi ya sa hannun ya gaji."

Kallamu ya tsallaka ɗakinsa, ya ɗaga katifa, ya dawo da tsumma. Ya wasa wuƙar a dokin ƙofa, ya jawo cinyar gabansa. Ko kallon naman bai yi ba. Ni yake kallo, yana ba ni labarin wani kamfani a ƙasar waje da zai neme shi in labari ya bazu, wuƙar kuwa tana tafiya. Abin da ya fito dogo ne, faɗinsa faɗin yatsa, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe kamar tef ɗin awona. Bappa Maikuɗi ya ajiye tasa wuƙar.

Aka ɗaura. Fanka ta juyo, naman ya shafi gilashin a hankali, san ya tako. A kwamfuta layi ya fito a miƙe, da ɗan tudu guda a tsakiya. Gaskiya ni ma na yi mamaki. Matsalar kawai iskar fanka na busar da naman da wuri, in ya bushe gilashin ya daina jinsa, don haka Kallamu ya yi ta yanka sabo yana rataye tsohon a igiyar shanya. Satin nan gidanmu an ci nama, har Sadiya ta daina maganar turmi.

Duk wannan a ɗakina aka yi, ƙofa a rufe, taga a rufe saboda hayaƙin garin nan da ke baƙanta min yadi. Ba wanda ya yi tunanin komai game da haka.

Kallamu ya shiga gayyata. Ya gayyaci mahauta, ya gayyaci 'yan albasa da 'yan canji, ya gayyaci mai kula da gida don ya ga san da idonsa, har Mama Boma ya ce ta zo ta ga abin da ta so ta hana. Ya aro babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo. Ya sa na goge masa babbar riga.

Ranar Lahadi muka ɗunguma. Turmi a bayan okada, talabijin a baro, ni da fanka a kafaɗa, Kallamu a gaba ɗauke da wani faranti da ya lulluɓe da ƙyalle. Rumfar ta cika. Ya duba ciki ya ce akwai duhu, kyamara na son haske, don haka aka kafa kayan a fili, tsakanin teburan nama da wani baho da aka jiƙa tumbi a ciki. Haulatu na gefe cikin mata. Ta matso kaɗan ta rage murya.

"Kallamu, a nan za ka yi?"

"Haske, Haulatu. Kimiyya ce."

Ya yi sallama, ya gaida Sarkin Fawa da muƙarrabansa, ya yi jawabi a kan tarihin kwamfuta har wasu suka fara gyangyaɗi. Sannan ya nemi wayar Alhaji.

"Ka riƙe ta da kyau," in ji Alhaji. "Lambobin dillalaina na arewa duk suna ciki."

Aka kwantar da ita a bakin tebur. Kallamu ya zaro nama ɗaya daga ƙarƙashin ƙyalle ya ɗaura, ya kunna fanka. Naman ya shafi gilashi, san ya tako. Kowa ya juya ga talabijin. Layin ya fara a miƙe, sai ya yi sama, ya yi kewaye, ya dawo baya, ya sake yin sama, ya sauka a kusurwa ya tsaya.

Kallamu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ranka ya daɗe, abin ya wuce ɗingishi."

"Me ya same shi?"

"Bisa ga bayanin kwamfuta, san yana tashi sama."

"Sama."

"Yana kuma komawa da baya. Irin wannan ba kasafai ake samunsa ba."

Sai koren akwati ya zama biyu, ya zama uku, ya cika talabijin, kowanne na jan nasa layin har abin ya koma kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

"Yanzu kuma fa?" in ji Alhaji.

"Yanzu sun zama garke, ranka ya daɗe."

"Haihuwa yake?" in ji Bappa Maikuɗi.

"Namiji ne fa," in ji dattijon nan mai tambayar kiwo.

Alhaji ya ce a nuna masa abin da kwamfutar ke kallo. Kallamu ya so ya yi bayani, Alhaji ya maimaita. Ya danna, hoton ya girma. Wani ƙaton koren ƙuda ya cika talabijin, zaune a kan ƙahon san, cikin akwatinsa, yana murza hannuwa.

"Na fly," in ji Mama Boma, ko da wani bai gane ba.

Dattijon ya matso ya duba da kyau. "Wannan dai ba ya ɗingishi."

Ana cikin haka wayar Bappa Maikuɗi ta yi ƙara. Ya duba.

"Alhaji, ka yi odar sa guda a wurina."

Wata wayar ta yi ƙara a baya. "A wurina ma, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri."

Sai ta ko'ina. Duk juyin da fanka ta yi, naman ya ja san ya shiga kwando, oda ta tafi. Wani mahauci har ya miƙe yana neman takalmansa zai je ya kwanto san kafin Alhaji ya canza shawara.

"Kallamu," in ji Haulatu daga cikin mata, "ka kashe data kuwa?"

Kallamu ya yi kan teburin. Ya shiga korar ƙuda da hannun babbar riga, ƙudan suka tashi suka dawo da 'yan uwansu. Ya ce iska ce maganinsu, ya danna fankar zuwa ƙarshe. Naman ya bar gilashin ya miƙe a iska yana kaɗawa kamar tuta.

Akwai wata shirwa da ke shawagi a saman rumfar tun muna sauke kaya. Ta sauko ta cafke naman ta yi sama. Da zaren kowa ne da ya tsinke an huta, amma zarena ne, kuma ni ba na sayen zaren banza. Fankar ta bi shirwar taku ɗaya, ta kifa a kan sandar turmi, turmin ya tuntsure da yashinsa, sandar ta share teburin, wayar Alhaji ta zame ta faɗa bahon tumbi. Igiyar fankar ta fizgo ta talabijin, ƙudan ya ɓace. Shirwa ta tafi da naman. Wayoyin mahauta suka yi shiru gaba ɗaya.

Alhaji ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya laluba cikin bahon ya ciro wayarsa. Ya girgiza ta, ya goge da ƙyalle, ya sa a aljihu.

"To. Ɗingishi yake ko ba ya yi?"

"Ranka ya daɗe, ana buƙatar ƙarin bincike."

Nan rumfar ta fashe da dariya, har mai kula da gida, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ni ban yi ba. Na ga Kallamu tsaye cikin rigar da na goge masa, yashi har gwiwa, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni, domin na san abin da ya faɗa bahon nan ba waya kaɗai ba ce. Haulatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ita ma ba dariya take ba.

Alhaji ya juya zai tafi, sai ƙafarsa ta taɓa farantin nan. Ƙyallen ya zame. Ya tsaya, ya sunkuya, ya ɗauko nama ɗaya ya ɗaga shi a hasken rana. Ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa. Ya miƙa wa dattijon da ke kusa, shi ma ya shafa ya miƙa gaba. Dariyar ta riƙa mutuwa daga layin gaba zuwa baya.

"Maikuɗi, kai ka yanka wannan?"

"Ina fa, ranka ya daɗe. Ni an ce hannuna ya gaji."

"Kayan canji ne, Baba Alhaji," in ji Kallamu. "Sifiya, in wancan ya bushe."

"Wa ya yanka, na ce."

"Ni ne."

"Da wace wuƙa?"

Kallamu ya sunkuyar da kai. "Ta Baba."

Alhaji ya juya naman a hannu. "Tun da Indabawa ya rasu ban sake ganin wannan yankan ba," in ji shi. "Na ce maka ranar da na ga sana'arka da idona ka dawo mu yi magana. To na gani. Teburin ubanka na nan inda ya bar shi. Gobe bayan asuba."

"Ranka ya daɗe, ni fa injiniya ne."

"Injiniyan ya jefa min waya a ruwan tumbi, ba ni da 'yar da zan ba shi. Da mahaucin nake magana."

Kallamu ya dubi fanka, ya dubi turmi, ya dubi wurin da mata suke. Haulatu ta sauke mayafin.

"Ka dawo min da kwamfutata yau," ta ce. Ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo. "Zan kira ka da asuba, kada ka makara."

San dai Haulatu ta rage masa nauyi cikin satin, dattawa suka kora shi a sabuwar wayar Alhaji, suka ga ƙafa huɗu lafiya, suka ce ya warke. Bappa Maikuɗi ya ce dama ciwon damina haka yake.

Amma a ranar Lahadin, bayan magariba, Kallamu ya shigo ɗakina da farin yadi a hammata. Ya ce in ɗinka masa rigar gaba irin ta mahauta. Ya ce na wucin gadi ne, kafin kamfanin nan na waje ya kira. Na ce to. Ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya ce in rubuta masa Injiniya a ƙirji, da manyan baƙaƙe.

Na rubuta masa da shuɗin zare, na ƙawata shi iya iyawata. Washegari kafin azahar jini ya rufe rubutun.